Daga Naƙuda Zuwa Tatata: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haihuwa, Lafiyar Jariri da Girmansa

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abubuwan da masu ciki, masu jego, mazajensu da kakanni suke yawan maimaitawa a layin awo da kuma ranar rigakafi. An sa wa kowace tambaya lamba domin a sami sauƙin komawa gare ta daga wata amsar.

1. Yaushe ya kamata mai ciki ta fara zuwa awo, kuma sau nawa?

Ya kamata ta fara tun cikin watanni uku na farko, da zarar ta tabbatar ta yi ɓatan wata. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin ganawa da ma'aikatan lafiya daga huɗu zuwa takwas, kuma mafi yawansu suna faɗowa ne a watannin ƙarshe, lokacin da hawan jini ya fi yin ɓarna. A wurin awo ake duba jini da fitsari da kwanciyar ɗa, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar kariya daga ciwon sarƙe haƙora, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ake fara sha bayan ciki ya shiga wata na huɗu. Matan da suke jira sai ciki ya fito fili, saboda kunya ko tsoron baki, suna rasa rabin amfanin awon, domin ƙarancin jini ba ya gyaruwa a mako biyu.

2. Ta yaya ake gane naƙudar gaskiya, kuma yaushe za a kama hanyar asibiti?

Naƙudar gaskiya ciwo ne da yake zuwa yana tafiya a kan tsari, yana ƙara ƙarfi, tazarar da ke tsakani tana raguwa, kuma ba ya lafawa don an kwanta ko an sauya gefe. Sau da yawa yakan taso daga baya ya zagayo mara, a ga wata majina mai jirwayen jini ta fito. Idan faya ta fashe, to a tafi asibiti ko da ciwo bai fara ba, kuma a lura da launin ruwan: idan kore ne ko ruwan ƙasa, alama ce ɗan ya yi kashi a ciki, wanda kan nuna yana cikin wahala.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu, wato zubar jini, matsanancin ciwon kai tare da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, raguwar motsin ɗa, da naƙudar da ta haura awa 12 ba a haihu ba. A nan ne al'adarmu ta kunyar ɗan fari take cutar da mu. Yarinya takan cije tana naƙuda tun la'asar, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ba ta da dauriya, sai tsakar dare a fara neman mota da kuɗi da izinin maigida. Duk waɗannan ukun ana iya kammala maganarsu tun ciki yana wata bakwai, har da sanin wanda zai ba da jini idan an buƙata.

3. Iyayenmu a ɗaka suka haife mu lafiya, me ya sa ake nacewa sai an je asibiti?

Gaskiya ne mafi yawan haihuwa tana zuwa da sauƙi, amma ba wanda ya isa ya faɗi tun da wuri wadda za ta rikice. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata a duniya, kuma tana iya gamawa da mace cikin awa biyu. A asibiti ana yi wa mace allurar oksitosin da zarar ɗa ya fito domin mahaifa ta tsuke, a duba ko mabiyiya ta fito cikakkiya, ga kuma maganin tsayar da jijjiga idan ta taso. Ungozomar gargajiya, komai daɗewarta a sana'ar, ba ta da waɗannan a hannunta.

Sai kuma doguwar naƙuda. Idan kan ɗa ya tokare a ƙugu na kwana ɗaya ko biyu, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina kai masa, naman ya mutu, ya bar ɓula. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari, kuma yankan gishiri da ake yi da sunan buɗe hanya yana haifar da shi kai tsaye. Ana gyara lalurar da tiyata, akwai cibiyoyinta a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi a jihar Bauci, da Danja kusa da Maraɗi. Sai dai a mafi yawan lokuta ɗan da aka yi wahalar dominsa ba ya zuwa da rai.

4. Wadda aka yi wa tiyata za ta iya sake haihuwa da kanta?

Tana iyawa a lokuta da dama, idan sau ɗaya aka yi mata, kuma dalilin da ya sa aka yi bai sake dawowa ba. Sharaɗin shi ne ta ba da tazarar kusan shekara biyu, kuma ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon mahaifa yana iya yagewa ana cikin naƙuda. Wadda aka yi wa sau biyu ko fiye, galibi tiyatar ake sake tsara mata.

5. Me ya kamata a yi wa jariri a awarsa ta farko?

A goge shi da busasshen zane mai tsabta, a ajiye jiƙaƙƙen, a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare, a rufe masa kai da hula. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman da hunturu, shi ya sa ake so a jinkirta wankan farko har awa 24. Farin maiƙon da ake gani a jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fatarsa, don haka babu dalilin dirje shi da soso.

A sa shi a nono cikin wannan awar. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, wasu sukan matse shi su zubar da zaton gurɓatacce ne, alhali shi ne ya fi kowane nono ɗauke da garkuwar jiki. Ɗan kaɗan yake fitowa, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki kusan cokalin shayi ɗaya a kowane tsotso ba. Dakashi yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko, abin da yake rage shawara, wato rawayar jikin jariri da aka yi bayaninta a amsa ta 9, sa'annan tsotson kansa yana sa mahaifar uwa ta tsuke, jini ya ragu.

6. Da irin zafin ƙasarmu, ya za a ce kada a ba jariri ruwa har wata shida?

Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda yake fara zubowa a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi yake kashe ƙishirwa. Ko a watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas, jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ba ya bukatar ƙari. Wadda take bukatar ƙarin ruwa ita ce uwar. Ruwan da aka ba jariri yana cika masa ciki ya rage tsotso, raguwar tsotso ta rage nono, ga kuma ƙwayoyin cutar gudawa da ke biyo randa da cokali. Hanyar gane nono yana isarsa ita ce yana jiƙa ƙyalle akalla sau shida a rana bayan kwanakin farko, kuma nauyinsa yana hawa.

Game da ɗanɗana dabino a bakin jariri, ɗan shafawa ne kawai a dasashi da hannu mai tsabta, ba ciyarwa ba. Zuma kuwa a dakata da ita har ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jarirai. Idan kaka ta kawo rubutu ko jiƙo, hanya mafi sauƙi da ba ta ɓata zumunci ita ce a ce, “Inna, bari ni in sha, ai ta nono zai same shi.” Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba dai, ko uwar gara ta bar shi.

7. Yaya ake kula da cibiya?

A Nijeriya abin da ma'aikatan lafiya suke bayarwa shi ne wani man shafawa da aka rubuta Chlorhexidine a jikin bututunsa. A wanke hannu da sabulu, a shafa shi a kan cibiyar da kewayenta sau ɗaya a rana, a bar ta a buɗe, a naɗe ƙyallen fitsari daga ƙasanta. A kiyaye sosai kada ya taɓa ido, domin yana makantarwa. Cibiya takan faɗi da kanta tsakanin mako ɗaya zuwa biyu. Gasa ta da tsumma mai zafi, ko sa mata toka, man goge baki ko gishiri don ta faɗi kafin ranar suna, yana buɗe ƙofa ga ciwon sarƙe haƙora, wanda kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 14, jaririn da yake tsotso lafiya ya kasa buɗe baki, jikinsa ya sandare. Ja, wari ko ruwan mugunya a cibiya su ma alamomi ne na a garzaya asibiti, kamar waɗanda ke amsa ta 8.

8. Waɗanne alamomi ne suke nuna a garzaya da jariri asibiti?

Ƙin kama nono ko rashin ƙarfin tsotso, jijjiga, saurin numfashi, faɗawar ƙirji ciki idan yana jan iska, zafin jiki ko sanyin jiki da bai saba ba, yin laushi har ba ya motsi sai an taɓa shi, da rawayar da ta kai tafin hannu da tafin ƙafa. Don gane saurin numfashi, a jira ya natsu, a ɗage rigarsa, a buɗe agogon waya, a ƙirga ɗagawar cikinsa har minti ɗaya cif. Idan ta kai 60, a sake ƙirgawa, idan ta sake kaiwa, a tafi. Ba a ƙirga rabin minti a ninka, domin numfashin jariri yakan yi sauri ya ɗan tsaya ya ci gaba.

Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata biyu ba ba abin saya wa magani a kemis ba ne. Cutar da ta shiga jininsa da safe tana iya kai shi gargara kafin dare, kuma allura ce maganinta.

9. Idon jariri da fatarsa sun yi rawaya, shin shawara ce mai haɗari?

Jarirai da yawa sukan yi ’yar rawaya daga kwana na biyu ko na uku, ta ɓace cikin mako biyu, saboda hantarsu ba ta gama ƙwarewa wajen tace wani sinadari da ke fita daga tsofaffin ƙwayoyin jini ba. A baƙar fata ba a cika gani ba, sai an fito da shi hasken rana, a danna kan hancinsa ko goshinsa da yatsa a saki, a kuma duba farin ido da dasashi. Wadda ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko har ciki da ƙafafu, ko ta zo da yawan barci da ƙin nono, ko ta wuce mako biyu, ita ce ke bukatar gwajin jini. Idan sinadarin ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa. Ana magance ta da hasken wata shuɗiyar fitila, in ta yi tsanani a sauya masa jini. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba sa maye gurbin wannan.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Yara maza da yawa a Afirka ta Yamma ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai yana farfasa musu jini ya jawo muguwar shawara. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su tas kafin a sa masa, haka ma man zafi mai ƙamshin kafur a nisanta shi da jikinsa.

10. Dole ne a cire wa jariri belu?

A'a. Belu halitta ce da kowane mutum yake da ita, ba ya toshe maƙogwaro kuma ba ya hana tsotso. Yanke shi yana jawo zubar jini, da ciwon da ke hana jariri kama nono, da shigar cuta ta aska. Ana iya sallamar wanzami da hakkinsa na aski ranar suna ba tare da an kai ga wuya ba.

11. Wankan jego da kunun kanwa suna da illa?

Wanka da ruwan ɗumi, da hutun kwana arba'in, da samun masu taya aiki a gidan iyaye, duk alheri ne ga mai jego. Inda matsalar take shi ne tafasasshen ruwan da ke ƙona fata ya kwance ɗinki, da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da ɗirkar kunun kanwa safe da yamma. Kanwa tana da gishiri mai yawa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi a lokacin da ba ta gama farfaɗowa daga ɗawainiyar ciki ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya tsakanin masu jego, suka danganta shi da waɗannan al'adu, ko da yake binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan da ke taka rawa. Mai jegon da take haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko ƙafafunta suka kumbura, zuciyarta ya kamata a duba. Mai hawan jini kuwa ta bar kanwa gaba ɗaya, kunun gyaɗa ya wadatar.

12. Yaya ake rainon bakwaini ko jariri maras nauyi?

Duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne a lissafin asibiti, wanda kuma bai kai kilo 2.5 ba ana ɗaukarsa maras nauyi ko da ya cika watanninsa. Sanyi, yunwa da shigar cuta su ne manyan abokan gabarsa. Hanyar da ta fi dacewa da inda babu kwalbar ɗumama jarirai ko tsayayyar wutar lantarki ita ce goyon ƙirji, wadda likitoci suka fara a birnin Bogota na Kolombiya a 1978. Ana tsayar da jaririn tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, daga shi sai ƙyalle da hula da safa, a juya kansa gefe, a ɗaure shi da zane daidai ƙasan kunnensa, uwa ta sa riga a kai. Haka za ta yini, ta kwana a jingine, uba ko wata ’yar uwa su karɓe ta idan za ta yi wanka. Idan bai iya tsotso ba, a tatsi nono a ba shi da ƙaramin kofi duk bayan awa biyu. A rage masu ɗaukarsa, ko da ran ’yan barka zai ɓaci.

13. Waɗanne alluran rigakafi ne na shekarar farko?

A tsarin Nijeriya, da haihuwa ana yin BCG ta tarin fuka, da ta ciwon hanta wadda aka fi so cikin awa 24, da ɗigon shan inna. A mako 6, 10 da 14 ana yin Penta, mai kariya daga cututtuka biyar da suka haɗa da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe haƙora, tare da ta ciwon huhu, da ta shan inna, da ɗigon kariya daga rota, wata ƙwayar cuta mai kawo gudawa, wanda aka shigo da shi a 2022. A wata 9 sai ƙyanda, zazzaɓin shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Tsarin Nijar yana kama da wannan, katin yaro shi zai nuna ranakun.

Ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan Penta ba abin tsoro ba ne, haka ma ƙurjin BCG da ke fashewa ya bar tabo a dantse. Wanda ya tsallake wata allura ba a sake masa daga farko, ɗorawa ake yi. Ɓarkewar mashaƙo a Kano da maƙwabtanta a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi musu Penta ba ko ba su kammala ba.

14. Nawa ya kamata nauyin jariri ya riƙa ƙaruwa, kuma yaushe maɗiga take rufewa?

Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi ɗaya cikin goma, ya mayar da shi kafin ya cika mako biyu. Yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka shi uku a shekara, tsawonsa ya tashi daga kusan santimita 50 zuwa 75. Abin dubawa a kati shi ne layin yana hawa, ba wai ya kamo ɗan maƙwabta ba. A wata shida ake fara ƙarin abinci, kuma a nan ne yara da yawa suke tsayawa, saboda tsinkakken koko ba ya ɗauke da komai sai ruwa. A kaurara shi, a sa garin gyaɗa ko waken suya, ƙwai, kifi, zogale da ɗan mai, a ci gaba da nono har shekara biyu.

Maɗiga takan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma harbawar da ake gani a cikinta lafiya ce. Idan ta faɗa ciki, ruwan jikinsa ne ya ƙare, a duba amsa ta 16. Idan ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake yi ba, ana tsoron sanƙarau. A duka biyun, shafa mata magani ɓata lokaci ne.

15. Yaushe yaro yake zama, rarrafe da tafiya?

Murmushin gane fuska yakan zo wajen mako shida zuwa takwas, tsayuwar wuya a wata uku zuwa huɗu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda yaran Gana suna cikinsa, ya nuna lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, rarrafe tsakanin 5 zuwa 13, tafiya ba riƙo tsakanin 8 zuwa kusan 18, wasu ƙalilan ma ba sa rarrafe sam, jan gindi suke yi su miƙe. Ga bakwaini ana cire makonnin da ya rage a ciki kafin a yi lissafi. Goyo ba ya lanƙwasa ƙafa kuma ba ya jinkirta tafiya, sai dai yaro yana bukatar a riƙa sauke shi a tabarma, a kife shi yana farke ana kallonsa, domin wuya da baya su yi ƙarfi. Barci kuwa a rigingine ake sa shi.

A nemi likita idan wuya bai tsaya ba a wata huɗu zuwa biyar, ko bai zauna ba a wata tara, ko bai taka ba a wata 18, ko jikinsa ya cika tauri ko laushi, ko yana amfani da gefe ɗaya kawai, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Wanda bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa, da wanda ya yi shawara mai tsanani irin ta amsa ta 9, sun fi bukatar a sa musu ido, domin gashin gaɓoɓi a asibiti ya fi amfani idan an fara da wuri. Kumburin hannuwa da ƙafafu mai ciwo bayan wata shida kuma yana iya zama alamar farko ta sikila.

16. Haƙori ne yake kawo gudawa da zazzaɓi?

Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, ya zo da dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da ƙananan rigima. Gudawar da ake ɗora masa tana zuwa ne domin a daidai wannan lokacin yaro ya fara rarrafe, yana kai komai baki, an fara ba shi abinci, garkuwar da ya gado daga uwa kuma tana raguwa. Cewa “ai haƙori ne” ya sa an zauna da yara masu zazzaɓin cizon sauro har jininsu ya ƙare. Maganin haƙori na kwalba ma ba shi da wani amfani, kuma a 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin, da aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara akalla 84 a Nijeriya.

Idan gudawa ta kama shi, a ci gaba da nono, a narka fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, a cikin adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, a zubar da ragowar bayan awa 24. A haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba. Idan ido ya zurma, ko maɗiga ta faɗa, ko akwai jini a kashin, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, kuma a riƙa ɗiga masa ORS ɗin a kan hanya har a isa.